Wace Zariyar? Birni, Ƙauye da Sunayen Garuruwan Ilimi

Idan mutum ya ce maka a Zariya ya yi karatu, tambayar da ta kamata ta biyo baya ita ce: wace Zariyar? Mutum biyu za su iya faɗin wannan magana, kowanne da gaskiyarsa, alhali ƙafar ɗaya ba ta taɓa taka inda ɗayan ya zauna ba. Na farko ya shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, ya naɗe ƙafa a zauren wani malami a Unguwar Kona ko Unguwar Juma, ya sha nahawu da fiƙihu littafi bayan littafi. Na biyu ya sauka daga mota a Samaru, fiye da kilomita goma daga ganuwa a kan hanyar Funtuwa, ya yi shekarunsa tsakanin ɗakin kwana da ɗakin lacca da Laburaren Kashim Ibrahim, ya karɓi digirinsa ya tafi, wataƙila bai leƙa cikin birni ba sai ranar hawan salla. A bakin mutane su duka karatun Zariya suka yi. A takardar hukuma kuwa Samaru ba ta ma cikin ƙaramar hukumar Zariya, ta Sabon Gari ce. Asibitin koyarwa da kowa ke kira na Zariya yana Shika, a ƙasar Giwa.

Suna ɗaya ya lulluɓe wurare da yawa, kuma kowanne daga cikinsu da irin abin da ya kawo. Wanda yake son ya san abin da ke jan mutane zuwa irin wannan gari, ya sa tsofaffin ɗalibai ke ta begensa har tsufansu, sai ya ɗaga sunan ya duba abin da ke ƙarƙashi.

Hausa ba ta auna gari da yawan jama'a. Abin da ke mai da wuri birni shi ne ganuwa, da ƙofofi, da sarkin da ke tsakiya. Masanin tarihi Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Samaru, ya yi bayanin cewa abin da ya raba birni da ƙananan matsugunai shi ne yadda yake tara mutanen da ba dangin juna ba: maƙeri daga nan, fatake daga can, malami daga wata ƙasa, duk a bayan katanga ɗaya. Shi ya sa sunan ba ya gushewa ko da girman ya gushe. Birnin Yero, a hanyar Kaduna zuwa Zariya, mota kan wuce shi cikin ɗan lokaci, amma birni ne har gobe. A Damagaram, tsohuwar unguwar da fadar sarki take sunanta Birni kawai, ɗayar kuma Zango, inda ayarin raƙuma ke sauka a da. Sauran sunayen ma kowanne na faɗin yadda aka fara zama a wurin. Tunga masaukin masunta ne ko manoma da suka zo cin rani suka zarce. Ruga ta Fulani ce. Kafi gari ne da aka kewaye da itatuwa don tsaro, kamar yadda ake ji a Kafin Hausa da Kafin Madaki. Hayi kuwa tsallaken rafi ne, shi ya sa ake da Hayin Dogo a Samaru. Akwai kuma alƙarya, wadda labarinta ke ba ni sha'awa: a Larabci ƙauye take nufi, amma da ta shigo Hausa sai ta ƙara daraja, ta zama babban gari mai kasuwa da baƙi.

Kalma ɗaya ce a cikin jerin ta faɗi ƙasa, wato ƙauye. Daga gare ta aka samo baƙauye da ƙauyanci, kuma dukanmu mun san ba yabo ake yi da su ba. Don gudun wannan ne ma'aikatan gwamnati da 'yan jarida suka fi son su ce karkara, wadda asalinta ƙasar noma ce da ke kewaye da gari, tsakanin ganuwa da daji. Raina ƙauye rashin adalci ne, kuma babu inda rashin adalcin ya fi fitowa fili kamar a tarihin garuruwan ilimi.

Ita kanta Zariya suna biyu take amsawa. Zazzau sunan ƙasa ne da sarauta, shi ya sa ake cewa Sarkin Zazzau, mutumin wurin kuma Bazazzagi, jam'insa Zage-zagi. Zariya sunan birnin ne, kuma ruwayar da aka gada ta ce sunan 'yar Bakwa Turunku ne, ƙanwar Sarauniya Amina. Turunku ɗin da aka taso daga cikinta yau ƙaramin gari ce a ƙasar Igabi. Ke nan birni kan koma ƙauye, kamar yadda ƙauye kan zama birni. Karatun cikin ganuwa kuwa tsoho ne, kuma a jikin sarauta yake: cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau akwai Limamin Juma'a da Limamin Kona. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da bakan gizonsa na ƙasa, masana gine-gine na duniya sun daɗe suna zuwa kallonsa. Ilimin wannan Zariyar ba shi da harabar da aka keɓe masa. Yana cikin zaurukan gidaje, a lungun da mai ɗinkin babbar riga ke zaune a ƙofar gida da allura a hannu, maƙwabcinsa kuma na biya wa ɗalibai karatu bayan asuba.

Da Turawa suka zo, duk abin da suka kawo a wajen ganuwa suka ajiye shi, kuma sunayen unguwanni sun riƙe lissafin. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, aka yanka Tudun Wada don baƙi 'yan arewa. Wani yanki na kantuna har yau PZ ake ce masa, sunan kamfanin Paterson Zochonis. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta ba kamfanin ɗab'in da aka kafa a 1945 suna, kamfanin kuma ya ba hanya da unguwa. Yau mai babur zai kai ka Gaskiya ko da bai taɓa ganin jaridar ba. A nan ne Kwalejin Barewa ta samu wurin zama bayan yawo: an buɗe ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta iso Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 ta ɗauke shi. 'Yan mishan sun koma Wusasa a gindin duwatsu, suka yi asibiti da makaranta da majami'a mai ginin ƙasa irin na Hausa. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta zauna a Palladan a 1964. Makarantar horar da akawuna da ma'aikatan mulki ta zauna a Kongo. Birni na tsakiya da zaurukansa, makarantun boko sun yi masa ƙawanya daga nesa.

Mafi nisa a cikinsu ita ce Samaru, kuma da gona ta fara. A shekarun 1920 hukumar aikin gona ta kafa gonar gwaji a wurin, saboda auduga da gyaɗa da Turawa ke buƙata. A shekarun 1950 aka gina kwalejin fasaha da kimiyya a kusa da ita. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka haɗa kwalejin da cibiyar binciken noma da makarantar Kongo da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka ce Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Duk abin da Samaru ta yi, Zariya ke karɓar yabo. Matasan masu zane da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ƙi yarda a koya musu zane da idon Turawa kaɗai, duniya ta san su da sunan 'yan tawayen Zariya, alhali a Samaru suka yi tawayen.

Akwai wurin da sunan Samaru ya tsira, kuma wuri ne da ya dace da ita: cikin buhun iri. Duk irin da cibiyar binciken noma ta fitar, da haruffan farko na sunan garin yake farawa. Masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, auduga SAMCOT, kowanne da lambarsa. Manomi a Bakura ko Biu da ya karɓi ingantaccen iri daga hannun malamin gona, sunan Samaru ya zuba a rami, ko ya sani ko bai sani ba. Shika ma ta samu irin wannan rabo. Cibiyar binciken dabbobi da ke can ta fitar da kazar ƙwai mai jure zafin ƙasarmu, aka sa mata Shika Brown. Ban san wata karramawa da ta fi wannan dacewa da ƙauye ba, a ce sunansa ya bi hatsi da kaji ya shiga gidajen mutane.

Ba suna kaɗai ƙauyukan suka bayar ba, har da karatu. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman ya zauna da manoman ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana lissafin aikinsu da amfaninsu gona-gona. A lokacin, masana da yawa na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, suna so a raba kowane iri da filinsa. Lissafin ya nuna manoman ne ke da gaskiya: haɗin ya fi ba da amfani a kan fili ɗaya, ya kuma fi tsare gida daga yunwa idan damina ta yi gardama. Wannan bincike na cikin abubuwan da suka sauya yadda ake nazarin ƙananan manoma a Afirka. Waɗanda ake kira ƙauyawa su ne malaman a wannan darasi. Hanwa ɗin yau gari ya cinye ta, ta zama unguwar manyan gidaje.

Ko kalmomin da muke kiran makarantar da su ba su rabu da wannan tarihi ba. Jami'a daga tushen Larabci na tarawa take, tushen da ya ba mu jama'a da jam'i da jam'iyya da Juma'a. A ƙasashen Larabawa masallacin Juma'a shi ake kira jami'i, kuma a cikinsa karatun ya girma. Azhar ta Alƙahira masallaci ce da aka gama ginawa a 972, sai a 1961 doka ta ba ta tsarin jami'ar zamani. Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda Fatima al-Fihri ta gina a 859, sunan baƙi take ɗauke da shi, mutanen Ƙairawan da suka yi ƙaura suka kafa unguwarsu a can. Kalmar Latin da Turawa suka samo tasu daga ciki ma ƙungiya take nufi tun asali, irin ta masu sana'a ɗaya. A Bologna ta Italiya, wadda ake lissafa farkonta daga 1088, ɗalibai baƙi ne suka haɗa kai don kare kansu daga masu gidajen haya da hukumar gari, su ke ɗaukar malamai su biya su. Duka kalmomin biyu mutane suke nufi, babu wadda ta ambaci gini.

Wadda ta fi burge ni ita ce tamu. Da malaman Hausa suka tashi neman sunan da za su ba babban ɓangaren jami'a mai sassa da yawa a ƙarƙashinsa, sai suka ɗauko tsangaya. Tsangaya kuwa bukkoki ne na kara a bayan gari, inda alaramma ke zama da gardawa da ƙolaye, nesa da hayaniyar kasuwa, a yi noma da damina a yi tilawa da dare a gaban wuta. Masu tafiya gabas neman Alƙur'ani irin wannan zama suke nema. Saboda haka duk wanda ya ce Tsangayar Shari'a ko Tsangayar Kimiyya, ya kira benen jami'a da sunan makarantar ƙauye, kuma bai yi kuskure ba. Tun kafin boko, Bahaushe ya san karatu mai zurfi na son a ɗan ja da baya daga gari.

Abin ba a ƙasarmu ya tsaya ba. Sunan Oxford, wanda ake faɗa da girmamawa a ko'ina, ma'anarsa a tsohon Turanci mashigin shanu, wato inda ruwa ya yi ƙasa har garke zai iya tsallake kogi. An fara koyarwa a wurin tun wajen 1096, abin ya bunƙasa bayan 1167 da sarkin Ingila ya hana ɗalibansa zuwa Paris. Shanun ba su tafi ba: har yau ana kiwo a makiyayar Port Meadow da ke gefen garin, wadda haƙƙin kiwo a cikinta yana rubuce tun 1086. Cambridge kuwa gada ce a kan kogin Granta. Bakin mutane ya yi ta lanƙwasa sunan garin har ya koma yadda yake yau, daga baya aka waiwayo aka sauya wa kogin suna zuwa Cam don ya dace da garin. Tsohon sunan ya maƙale a wani ƙauye da ke kusa, Grantchester, inda ɗalibai ke zuwa a ƙafa ta cikin makiyaya. Mai ziyara da ya je don tsofaffin gine-gine yakan dawo yana ba da labarin shanu da ciyawa a tsakiyar gari.

Zaman bai kasance lafiya kullum ba. Ita Cambridge rigima ce ta haife ta: a 1209 malamai da ɗalibai suka gudo daga Oxford bayan faɗa da 'yan gari. A watan Fabrairu 1355 gardama a kan ingancin giya a wata mashaya ta Oxford ta zama yaƙi na kwanaki tsakanin 'yan gari da 'yan makaranta, ɗalibai fiye da 60 suka mutu, mutanen ƙauyukan kewaye ma sun shigo taya 'yan gari. Sarki ya ba jami'a gaskiya, aka ɗora wa magajin gari biyan tara kowace shekara, ba a daina ba sai 1825. Duk wanda ya zauna a garin jami'a ya san tushen irin wannan tsamin dangantaka: kuɗin haya, tsadar kasuwa idan ɗalibai sun dawo, mutuwarta idan an tafi yajin aiki, da kallon da mai takarda ke yi wa mai fartanya. A Samaru idan jami'a ta rufe, mai shayi da mai ɗab'in takardu da mai wanki da mai babur duk sai sun ji a jikinsu.

Ina kawo wannan ne saboda a zamaninmu an shiga kai jami'o'i ƙananan garuruwa da gangan. A Nijar, Jami'ar Musulunci da aka buɗe a 1986 ba a Yamai aka ajiye ta ba, a Sayi ce, ƙaramin gari a bakin Kwara, wanda ya yi suna da karatu tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo a farkon ƙarni na 19. A Nijeriya, 2011 ta kawo jami'o'in tarayya a Dutsin-Ma da Kashere da Dutse da Wukari, 2013 ta kawo ta Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. Jihohi ma sun yi haka: Wudil, garin kasuwar shanu ta ranar Juma'a, Aliero, garin albasa da masu ɗori, Gadau, Kafin Hausa. Kowanne daga cikinsu yana kan matakin da Samaru ta taka shekaru sittin da suka wuce. Ɗalibi zai fito daga lacca ya ga amalanke na dawowa daga gona, ya sayi nono daga hannun wadda ta tatso shi da safe, ya ji Hausar da ba ta gauraya ba. Da yawa daga cikinsu 'yan birni ne da wannan ne karonsu na farko na ganin inda abincinsu ke fitowa. Akwai kuma tsadar da ba a so a faɗa: ƙarancin ɗakunan kwana ya tura ɗalibai haya a gefen gari, kuma a 2023 daga irin waɗannan gidaje aka sace ɗalibai a Sabon Gida kusa da jami'ar Gusau, da kuma a Dutsin-Ma. Wanda ya kai makaranta karkara ya ɗauki nauyin tsaron karkarar gaba ɗaya, domin katangar harabar ba ta kewaye inda yaran ke kwana ba.

Sai kuma wata al'ada da ta kunno kai, ta sauya wa waɗannan makarantu suna zuwa na mutane. Ta Kafin Hausa ta zama Jami'ar Sule Lamido, ta Wudil ta zama ta Aliko Dangote, ta Gadau ta zama ta Sa'adu Zungur. Ba ni da ja a kan cancantar kowa, musamman Sa'adu Zungur da ya ba ilimi da siyasar arewa rayuwarsa. Damuwata ita ce garin da ya ba da filin gonarsa, ya ba da ruwan rijiyarsa, ya ɗauki baƙi dubbai a ɗakunansa, a hankali sunansa na komawa ƙarshen layi, bayan waƙafi, inda ake yankewa idan takarda ta yi kaɗan. A 2012 da aka yi shelar sauya wa Jami'ar Legas suna, ɗalibanta sun fito kan titi sun ƙi, kuma sunan bai sauya ba. Ƙananan garuruwa ba su da irin wannan murya. Abin da ke cetonsu shi ne bakin jama'a, domin uwa ba ta cewa ɗanta na jami'ar wane, cewa take yana Wudil, ko yana Gadau. Kashere da Dutsin-Ma da Gashuwa har yanzu sunan garuruwansu ne a saman takardar shaidar digiri, kuma ina fata a bar musu shi.